Takarda Ce Ta Ɓata Angela

Shekarata goma sha tara ina tafinta a kotu. Na juya ƙarya iri-iri daga Turanci zuwa Hausa ban ji komai a raina ba, don aikina ke nan, amma maganar Angela har yau in na tuna ta sai na ji bakina ya yi ɗaci. Maƙwabciyata ce a Kuje, ƙofar ɗakinta na kallon tawa. Mota ɗaya muke shiga da sassafe, ni in sauka a bakin kotu, ita ta wuce Utako gidan Alhaji Abdulmajeed, darakta a wata ma'aikatar tarayya, inda ta shekara goma sha ɗaya tana girki. Lokacin farar hula ba su daɗe da dawowa mulki ba, mai ya yi daraja, ko'ina ka waiga a Abuja gini ne ke tashi, manyan ma'aikata suna sauya mota kamar riga.

Alhaji ya yi wa matarsa Hajiya Nafeesa saki ɗaya cikin fushi, ta kwashe 'ya'yanta uku ta koma gidan yayarta. Shi kuma ya ce bai san zance ba, sai an dawo masa da yaransa. Aka gaya masa gaskiya, cewa uwa ce ke da riƙo, sai fa in an nuna ba ta da kamun kai. To, kamun kai Hajiya tana da shi, amma Alhaji yana da Barista Nuraddeen Maiturare. Lauyan ya zauna a ofishinsa mai sanyi ya tsara takarda. A sakin layi na tara ya rubuta cewa duk sanda Alhaji ya yi tafiyar aiki maza na shiga gidan suna kwana da matarsa, kuma wata Angela, mai girki, ita ke kai saƙo tana buɗe musu ƙofar baya. Alhaji ya yi rantsuwa ya sa hannu, aka buga hatimi.

Wata jaridar ƙarshen mako ta samu takardar. Ku ji adalci: Alhaji ya zama "wani darakta", Hajiya ta zama "matar wani darakta", amma Angela aka bar ta da sunanta tsirara, har da cewa a Kuje take zaune, mijinta makanike ne a Apo.

Ran Asabar da yamma mijin nata, Simon, ya shigo tsakar gida da jaridar a naɗe, rigar aikinsa duk baƙin mai. Ko kallon matarsa bai yi ba, ni ya miƙo wa.

"Anti Yelwa, ke kin san Turancin kotu. Karanta mana, ki faɗa da Hausa, kar ki rage komai."

Na karanta. Da na san abin da ke ciki da na ce idona na ciwo. Angela na tsugune tana tsince shinkafa, ta ɗago kai a hankali.

"Ni? Wane ƙofa? Baban Patricia, ƙofan bayan gidan nan an yi masa walda tun da ɓarayi suka shiga, shekara huɗu ke nan. Ko akuya ba zai bi wurin ba."

"Je ki gaya wa mutanen Apo," in ji Simon. "Tun safe suke ce mini mijin mai buɗe ƙofa. Wani har ya ce in ba shi lambarki."

Ranar Litinin ta je aiki kamar kullum. Ta soya wa Alhaji ƙwai, ta haɗa shayi, ta ajiye masa jaridar kusa da kofi. Ita ta ba ni labarin a mota muna dawowa. Ta ce ya kalli jaridar sau ɗaya, ya ci gaba da shafa wa burodinsa bota.

"Haba Angela, wannan ai aikin lauyoyi ne. Haka ake rubutawa in ana kes. Ba da ke ake ba."

"Oga, sunana ne a ciki."

"To ai dole a sa sunan wani, ƙofa ba ta buɗe kanta. Ki kwantar da hankalinki, in ƙura ta lafa zan duba lamarinki." Ya ɗauki waya ya kara a kunne, alamar an gama magana.

Ikilisiyarsu ba ta jira ƙura ta lafa ba. Angela ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. In ta ɗaga murya ranar Lahadi har cikin ɗakina nake jiyo ta, ni da ba addinina ba sai in tsinci kaina ina kaɗa ƙafa. Dattawa suka kira ta suka ce an sa ta ƙarƙashin horo: ba jibin Ubangiji, ba ba da waƙa, ta ajiye zanen zumunta, ta koma bencin baya kusa da ƙofa, inda masu jarirai ke zama don saurin fita. Ta rantse, ta yi kuka. Babban dattijon, Zacharias, ya ce shi kansa zuciyarsa ba ta ba shi ta aikata ba, amma magana ce da babban mutum ya rantse a kai gaban hukuma.

"'Yata, takarda ce ta ɓata ki, takarda ce za ta wanke ki. Kawo mana ita ko layi ɗaya ne, a ranar za ki koma gurinki."

Na ce mata ta yi haƙuri, ranar da za a saurari ƙarar Alhaji dole a kira ta shaida, ta faɗi gaskiya a rubuta. Ranar ba ta zo ba. Tsakanin miji da mata sai Allah: kafin Hajiya ta gama idda manya suka shiga tsakani, Alhaji ya mayar da matarsa, ya saya mata sabuwar mota, aka janye ƙara. Fayil ya koma kabad da sakin layi na tara a cikinsa, babu wanda ya tabbatar, babu wanda ya ƙaryata.

Ran da Hajiya ta dawo gida, Angela ta yi murna har da 'yar rawa a kicin. Ta dafa farfesun kayan ciki da Hajiya ke so, ta yi wa yara wainar shinkafa. Bayan kwana biyu, da baƙi suka watse, Hajiya ta kira ta falo.

"Angela, Allah ya sani ba ki yi mini komai ba. Ni aka yi wa ƙazafin ma, na haƙura saboda 'ya'yana. Amma ki duba, in kina gidan nan duk baƙuwar da ta gan ki sai ta tuna maganar. 'Yan'uwan Alhaji ma sun ce sai an rabu da ke hankalinsu zai kwanta."

"Madam, ki ce wa Oga ya rubuta mini layi ɗaya, ya ce ƙarya ne. Shi kaɗai nake so."

"Ki rufa mini asiri. Da ƙyar aka binne maganar nan, so kike in tono? Aurena ne fa."

Ta ba ta turmin atamfa biyu da buhun shinkafa, direba ya sauke ta a tashar Utako. An bar jaki ana dukan taiki. Su da suka yi faɗan suka tafi Umara tare, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ta dawo Kuje da buhu a ka.

Ta nemi aiki gida huɗu. Amma matan manya a Abuja su ke yi wa juna hanyar masu aiki, waya ɗaya ta isa ta rufe wa mutum gari. Wata ta ɗauke ta da safe, kafin azahar ta sallame ta, ta ce kar ta ji haushi, mijinta matafiyi ne. Sai ta fara sayar da shinkafa da wake a gefen tasha, abincinta kuwa ko maƙiyi ya ci sai ya lashi hannu. Sati biyu ana ciniki, wani kwandasta ya gane ta. Daga ranar duk wanda ya zo miƙa kwano sai ya ce, "Madam, yau ƙofa a buɗe take?" a kwashe da dariya. Ta kwashe tukwanenta ta dawo gida.

Simon ya fara kwana a gareji, wai aiki ya yi yawa. Wata Asabar ya zo da mota ya ɗauki 'yarsu Patricia, mai shekara goma sha biyu, ya ce zai kai ta wurin mahaifiyarsa a ƙauye, kar ta tashi tana jin abin da ake cewa uwarta. Angela ta riƙe ƙofar motar tana roƙonsa.

"Baban Patricia, kai ma ka yarda?"

"Ban ce na yarda ba. Amma ni nake zama da mutane. Ki kawo takardan da dattawa suka ce."

Daga nan ta daina waƙa ko a bakin wanki. Ta rame, zanenta ya fara zagaye ta ya yi saura. Duk da haka kowace Lahadi sai ta yi wanka ta tafi ta zauna a bencin baya, don ta ce in ta daina zuwa za a ce ta amsa laifi. Ina kallon ta tana fita, wallahi zuciyata tana tafasa.

Ni na raka ta ofishin Barista Maiturare, tunda ya san ni a kotu. Ya bar mu awa biyu a waje, sannan ya karɓe mu da fara'a, cikin farar shadda.

"Malama Yelwa, ke ma'aikaciyar kotu ce, kin san aikin nan. Wanda ya ɗauke ni ya ba ni bayani, na rubuta."

"Shi kuma ya ce kai ka tsara."

Ya yi murmushi. "Duk ƙarar riƙon yara haka take tafiya. In ba za ka taɓa halin uwa ba, me ya kawo ka kotu? Kuma maganar ba ta zama sai da wanda ya buɗe ƙofa, ko direba, ko mai gadi, ko mai girki. Direban ɗan'uwan Alhaji ne, mai gadin kuma sabo ne." Ya juya wajen Angela. "Baiwar Allah, ba ni da komai da ke. Fuskarki ma yau na fara gani."

"To Oga lauya, rubuta mini ba gaskiya ba ne."

"In rubuta cewa wanda nake wa aiki ya yi rantsuwar ƙarya? A kore ni daga aikin ke nan." Ya danna ƙararrawa, sakatariya ta buɗe mana ƙofa.

Ni ce na ce ta kai Maiturare ƙarar ɓata suna. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Akwai wani lauya ɗan ikilisiyarsu, Albert, ya ce zai tsaya mata don Allah, amma ya gaya mana tun farko da wuya a ci, doka ta yi wa lauyoyi rumfa a kan abin da suka rubuta cikin shari'a. Na ce masa babu alƙalin da jini ke gudu a jikinsa da zai ga matar nan ya kau da kai. Duk shekarun da na yi a kotu, ga ni ina magana kamar baƙuwa.

Wata bakwai ana ɗage zama. Ranar ƙarshe Maiturare ya zo da lauyoyi shida, sun cika benci biyu, kamar an taɓa gidan rina. Ba wanda ya ce maganar gaskiya ce a cikinsu, ba wanda ya ce ƙarya ce. Abu ɗaya suka riƙe, cewa tun farko kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Na roƙi abokin aikina muka yi musayar ɗaki don in tsaya kusa da ita. Mai shari'a ya yi minti arba'in yana karatu, ya ɗago ya ce tafinta ta gaya mata.

Na ce, "Kotu ta ce duk abin da lauya ya rubuta ko ya faɗa cikin shari'a, ba a ƙararsa a kai, don in ana haka babu lauyan da zai iya tsaya wa kowa. Kotu ta ce ƙararki wasa da kotu ne, amfani da ita ne ta hanyar da ba ta dace ba. An kori ƙarar."

"Anti, ba su ce ƙarya ne ba?"

"Ba su duba ba."

"Ni ce na yi wasa da kotu?"

"Haka aka rubuta."

Ban ce alƙalin ya ci hanci ba, dokarsu ya bi. Amma mutum ya zauna ya zaɓi sunan mace tsakanin na direba da na mai gadi kamar yana zaɓen tumatir, ya kashe mata aure da aiki da wurin ibada, ita da ta zo kuka ita ce mai wasa. A waje lauyoyin suna tafawa, ɗaya yana cewa yau abincin rana a wuyan Maiturare yake.

A mota ba ta yi kuka ba. Na fi son ta yi. Sai da muka bar babban titi muka kama hanyar Kuje ta buɗe baki.

"Anti Yelwa, takardan nan na Oga, Baba bai gani ba."

"Wane Baba?"

"Baban Madam, Malam Hanifu na Zariya. Shekara talatin yana alƙali kafin ya huta. Ba ya jin Turanci. Ran da ya zo sulhu ni na kai masa abinci, na ji Madam tana roƙon yayarta kar a gaya masa abin da aka rubuta, a ce faɗan yara ne kawai." Ta juyo ta kalle ni. "Ki juya mini shi da Hausa. Kar ki rage komai, yadda kika yi wa Baban Patricia."

Maganar ta soke ni, amma na cancanta. Kuma nan take na ga abin da ta gani. 'Yan boko suna zaton abin da aka rubuta da Turanci a Turanci yake kwana, rantsuwar da aka yi gaban ɗan akawu mai hatimi ba rantsuwa ba ce. Sun manta cewa miji ya jefi matarsa da zina ba magana ce da sabuwar mota ke gogewa ba. Takardar tana cikin fayil ɗin ƙarar Angela, tata ce halak malak. Na san ana iya kai ƙorafi a kaina ofis, na zauna na juya ta tas, ban yi wa kalma ɗaya ado ba.

Bayan sati uku Alhaji ya shirya walimar sabon gidan da ya gina a Utako, bene hawa biyu, aka aika mota ta ɗauko tsohon. Angela ta san halinsa: ba ya salla a falon manya, sai ya dogara sandarsa zuwa ɗan masallacin masu gadi da leburori a ƙarshen layi, in an idar da la'asar ya zauna a benci yana lazimi. Nan muka same shi. Ta durƙusa daga nesa.

"Baba, ina wuni."

"Wa nake ji kamar Angela? Ke 'yar nan, ina kika shiga? Na tambaya aka ce kin koma ƙauye. Wannan sabuwar mai girkin tasu ko kunun gyaɗa ba ta iya ba."

"Baba, karatu na kawo maka. Wannan maƙwabciyana ce, ita za ta karanta."

Na gaishe shi, na gaya masa ko ni wace ce da aikina, na karanta. Bai motsa ba. Ya ce in sake, na sake. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Ya rantse a kan wannan?"

"Ya rantse, Allah ya gafarta Malam. Ga sa hannunsa, ga hatimi."

"Ya kawo shaidu?"

"Bai kawo ba."

"Ya ƙaryata kansa kafin ya mayar da ita ɗakinta?"

"A'a."

Ya dubi Angela, ya dubi yadda wuyanta ya yi tsawo, ya tambaye ta abin da ya same ta. Ta faɗa masa a taƙaice, ba kuka. Ya miƙe ya ce mu biyo shi.

Falon cike yake da daraktoci da 'yan kwangila, ana cin naman rago, Barista Maiturare na kusa da maigida yana ba da labari ana dariya. Tsohon ya ƙi zama. Ya sa aka kira Hajiya Nafeesa daga ɓangaren mata ta tsaya a bakin ƙofa, sannan ya ce in karanta a karo na uku. Na buɗe murya kamar ina gaban mai shari'a. Kafin in kai ƙarshe babu cokalin da ke motsi.

"Baba, ai wannan maganar ta wuce," in ji Alhaji, yana ƙoƙarin murmushi.

"A wurin wa ta wuce? Abdulmajeed, ka jefi 'yata da zina, ka rantse. Hanya uku na sani, ban san ta huɗu ba. Ko ka kawo shaidu huɗu da suka gani da idonsu. Ko gobe mu je gaban alƙali ku yi li'ani, ka rantse ta rantse, ta haramta gare ka har abada. Ko ka ƙaryata kanka yanzu a gaban mutanen nan. Ka zaɓa kafin magariba. In ba haka ba, motar da ta kawo ni za ta mayar da ni da 'yata da jikokina."

Maiturare ya gyara zama. "Allah ya gafarta Malam, a dokance abin da aka rubuta cikin shari'a yana da kariya. Kotu ma ta riga ta..."

"Kai ne marubucin? Ɗan wa kake?"

Ya faɗa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Na san mahaifinka. Shekara arba'in yana sayar da turare ban taɓa jin ya haɗa shi da ruwa ba. Shi ma zai ji wannan karatun. Yi shiru."

Na'urar sanyi na aiki, Alhaji yana zufa. Ya dubi abokan aikinsa, kowa ya sunkuyar da kai cikin farantinsa. Ya dubi matarsa, ta rufe fuska da mayafi. Aka kawo takarda da biro. Tsohon yana faɗa yana rubutawa: ni Abdulmajeed, na yi rantsuwa a kan ƙarya, ban taɓa ganin alfasha ga matata ba, kuma mai girkinmu Angela ba ta taɓa kai saƙo ko buɗe wa wani ƙofa ba. Da aka ce ya sa cikakken sunanta sai biron ya tsaya. Bai sani ba.

"Angela Simon Dalyop," in ji ta. "Oga, rubuta shi da manyan baƙi."

Na juya rubutun da Turanci a ƙasa, ya sa hannu a duka biyun. Tsohon ya sa Maiturare ya sa hannu a matsayin shaida, da daraktoci biyu, sannan ya ninke takardar ya miƙa wa Angela da hannunsa.

"'Yata, an wanke ki. Ki yafe musu don Allah."

Kowa ya saki numfashi, an zaci an zo wurin da talaka ke cewa babu komai. Angela ta sa takardar cikin rigarta.

"Baba, kai na gode maka, Allah ya ƙara maka kwana. Amma ban yafe ba."

Hajiya ta matso tana hawaye. "Angela, ki dawo aikinki, wallahi yara kullum sai sun tambaye ki."

"Madam, ke kin san ƙarya ne, kika ba ni atamfa. Ke ma ban yafe ba."

Ranar Lahadi Zacharias ya karanta takardar gaban jama'a, aka mayar mata da zanen zumunta. Litinin da safe ta tafi shagon fotokwafi ta sa aka buga ɗari uku. Ta manna a tashar Utako, daidai inda take ajiye tukunyarta. Ta ba kwandastoci hannu da hannu. Ta tsaya a bakin ma'aikatar su Alhaji lokacin tashi, ta ba masinja, ta ba akawu, ta zura wa masu manyan motoci ta taga. Ta kai gidaje huɗun nan da suka ƙi ta, ta kai ofishin jaridar ta ce wannan karon a sa sunan kowa. A ƙofar ofishin Maiturare sai da ta manna uku, don mai gadi yana cirewa. Simon ya dawo da burodi a leda yana sosa ƙeya, ta ƙirga kwafi hamsin ta ba shi, ta ce ya raba wa waɗanda suka yi masa dariya a Apo, ya je ya ɗauko Patricia, sannan su yi maganar zama. Ya karɓa ya fita.

Na san yafiya ta fi, an karantar da ni, ita ma fastonsu ya gaya mata har sau biyu. Amma su waɗanda ke roƙon ta yafe yanzu, ina suke lokacin da take zaune a bencin baya? Ni dai duk sanda na ga takardar nan a jikin turken lantarki sai in ji sanyi har cikin ƙirjina, Allah ya yafe mini.

Ran Asabar ta biyu direban Alhaji ya zo Kuje. Ya same ta a tsakar gida tana goge zanen zumunta. Ya ce Oga ya ce ya isa haka, ana ɓata masa suna, ya kasa ɗaga kai a ofis, kuma lauya ya ce in ba ta daina ba za su kai ta ƙara.

Ta ajiye dutsen guga. "Ka ce masa ya kai. Hannunsa ne a jiki, ban ƙara ko wasali ba. In bai san hanyan kotun ba ya zo in raka shi, wata bakwai na yi ina zuwa."

Direban ya juya zai tafi, ta kira shi. Ta shiga ɗaki ta fito da kwafi ɗaya ta miƙa masa.

"Ga naka. Ka karanta a hanya."